Idan Cuta Ta Gagari Magani, Raɗaɗinta Bai Gagara Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu, ɗalibi mai karatun digiri na uku a fannin lafiyar al'umma, ya gabatar a zaman ƙungiya na ƙarshen zango.



Mun saba idan muka haɗu a irin wannan zama mu tattauna zaɓe da tsaro da farashin canji, kuma duk sun cancanci a tattauna su. Yau muna neman izininku mu kawo wata magana wadda ba a hawa mumbarin yaƙin neman zaɓe da ita, alhali babu gidan da ba za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa ba. Maganar ita ce yadda mutanenmu suke ƙarasa kwanakinsu idan cuta ta fi ƙarfin magani, da kuma abin da hukuma ke da ikon yi a kai.

Shekara uku da suka wuce aka kai gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wani babban asibiti da sankarar mama wadda ta riga ta bazu har cikin ƙashi. Likita ya duba, ya kira maza gefe, ya ce a koma da ita gida a ci gaba da addu'a. Ba mu zarge shi ba, domin gaskiya ya faɗa. Sai dai takardar maganin da aka sallame ta da ita ba ta wuce irin ƙwayoyin da ake sha don ciwon kai ba. Ta yi kusan wata biyu a ɗakinta. 'Yarta ta jingine karatu ta zauna jinya, ba wanda ya koya mata yadda ake juya mara lafiya ko yadda ake wanke gyambo. Da dare maƙwabta na jin nishinta ta katanga. Mu kuwa muna nan muna tura kuɗi ta waya, muna tambaya ko akwai wani abu da za a saya, ana ce mana an zagaye kemis-kemis na garin, abin da ake miƙowa kawai tiramol ne.

A cikin waɗannan makonni muna aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi a nan, irin aikin da da yawa daga cikinmu suke yi a cikin awa 20 da bizar karatu ta yarje mana a mako. Akwai wani dattijo da ciwonsa ya kai inda na gwaggonmu ya kai. Nas takan zo daga waje ta duba shi, ta daidaita masa magani, ta zauna da iyalinsa ta gaya musu abin da ke tafe. Yana barci, yana cin ɗan abin da ya samu, yana hira da jikokinsa har kwana biyu kafin rasuwarsa. Su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu likitan da zai iya hana hakan. Bambancin da ke tsakaninsu bai wuce wani ruwan magani mai araha da ma'aikaciya ɗaya da ta san aikinta ba.

Wannan fanni shi ne muke kira jinyar sassauci, wato kula da wanda ke fama da cuta mai tsanani ta hanyar rage masa raɗaɗi da ƙuncin numfashi da tashin zuciya da gyambon kwanciya, tare da kwantar masa da hankali da tallafa wa masu jinyarsa. Ya kamata mu kawar da wata rashin fahimta tun da wuri: jinyar sassauci ba ta da alaƙa da gaggauta mutuwar kowa, kuma ba ta nufin a daina neman waraka inda ake sa ran samu. Haka nan ba ta tsaya ga masu ciwon daji ba. Ta shafi mai ciwon ƙoda, da wanda zuciyarsa ta gaza, da tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da yaro mai amosanin jini, cutar da ake ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya. Wadda ta kafa wannan fanni a sigarsa ta zamani, Cicely Saunders, ta fara ne a matsayin nas kafin ta zama likita, kuma ta buɗe gidan jinyar St Christopher's a Landan a 1967. Darasinta guda biyu ne: a riƙa ba da maganin raɗaɗi a kan ƙa'idar lokaci tun kafin ciwon ya dawo, kuma a gane cewa ciwon mai jiran ajali ya haɗa da jiki da zuciya da damuwar iyali da tunanin makoma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 57 ne ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, kuma kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai suke samu. A 2017 wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya nuna cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci suna samun kashi 1 cikin 100 ne kacal na mofin da danginsa da ake rarrabawa a duniya. A lissafin kwamitin, abin da Nijeriya ke samu bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba.

To, me ya sa? Ba tsada ba ce, domin mofin tsohon magani ne, yana cikin jerin magunguna na wajibi na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma idan aka sayo garinsa aka haɗa shi da ruwa a gida, yana cikin mafi arahar magunguna. Babban dalili shi ne tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Duk mun ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu. Mun tuna yadda gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 bayan binciken BBC, kuma binciken da aka yi a ƙasar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Amma ku dubi inda muka tsinci kanmu: yaro mai lafiya yana samun tiramol a tasha cikin minti biyar, mace mai sankara ba ta samun mofin a gadon asibiti. Fataken ƙwaya ba sa bi ta ɗakin magani na asibiti, saboda haka duk tsaurin da aka ƙara a can, mara lafiya ne yake ɗaukar nauyinsa.

Akwai kuma wata da'ira da ya kamata mu fahimta. A ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1961 kan magunguna masu sa maye, kowace ƙasa tana miƙa ƙiyasin buƙatarta na shekara ga hukumar da ke sa ido a Biyana, kuma yarjejeniyar da kanta ta amince cewa waɗannan magunguna wajibi ne don rage wahalar marasa lafiya. Idan likita bai koyi rubuta mofin ba, ba zai rubuta ba. Idan bai rubuta ba, mai harhaɗa magani ba zai yi oda ba, ko kuwa ɗan abin da ya ajiye ya lalace a kabad. Idan ya lalace, shekara mai zuwa hukumar asibiti za ta ce babu buƙata, ƙiyasin ƙasa kuma ya zauna a ƙasa. Haka rashin ya zama hujjar ci gaba da rashi. Wannan da'ira mutane ne suka ƙulla ta da takardu da sa hannu, kuma da takardu da sa hannu ake kwance ta.

An kwance ta a wuraren da ba su fi mu arziki ba. A Yuganda, Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a kudu maso gabashin Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Kamfala a 1993. Ta nemi amincewar ma'aikatar lafiya a shigo da garin mofin, ana haɗa shi da ruwa, a sa masa launi don a bambance mai ƙarfi da mara ƙarfi, a zuba a robar ruwan sha, a kai wa mara lafiya har gida. Da aka ga likitoci ba za su isa ƙauyuka ba, sai aka matsa har aka gyara doka a 2004, aka ba nas-nas da jami'an asibiti da suka samu horo na musamman ikon rubuta shi. Yau gwamnatin ƙasar ce ke biyan kuɗinsa, mara lafiya yana karɓa kyauta.

Misali na biyu ya fi kusa da yanayinmu. A jihar Kerala ta Indiya, wasu likitoci, cikinsu har da Dakta Rajagopal, sun buɗe ƙaramin wurin duba masu raɗaɗi a birnin Kalikut a 1993. Daga baya aikin ya koma hannun unguwanni: malaman makaranta da 'yan kasuwa da ɗalibai da matan gida suka zama 'yan sa-kai, suna gano masu kwance a gidaje, suna tara gudummawa kaɗan-kaɗan, suna raka nas gida-gida. Gundumar Malappuram, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, tana cikin wuraren da abin ya fi kafuwa. Da aikin ya yi ƙarfin da ba za a iya kawar da kai daga gare shi ba, sai gwamnatin jihar ta fitar da manufarta a 2008, ta farko a duk Indiya, ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin jinyar gida. Jama'a ne suka fara, hukuma ta biyo baya, kuma hukumar jiha ce, ba ta jira Delhi ba.

Ko a nan inda muke zaune, kada mu ɗauka abin daga sama ya faɗo. Yawancin kuɗin da gidajen jinyar ƙarshe na manya suke gudana da shi a Ingila daga sadakar jama'a yake fitowa, har da waɗannan shagunan kayan gwanjo da muke sayen rigunan sanyi a cikinsu. Sai a 2022 aka rubuta ƙarara a dokar lafiya cewa wajibi ne hukumomin lafiya na yankuna su tanadi jinyar sassauci, bayan Baroness Finlay, wadda likitar wannan fanni ce, ta dage a kan gyaran a majalisar dattawan ƙasar.

Mu dawo gida. Ba daga sifili za mu fara ba. Asibitin koyarwa na Ibadan yana da sashen wannan jinya tun 2007, bisa jajircewar Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta, kuma akwai ƙungiyar ƙasa ta ma'aikatan fannin. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru duk membobinta ne, ya zartar da ƙuduri cewa a saka jinyar sassauci cikin tsarin lafiya tun daga matakin farko. A 2021 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan wannan fanni. Takarda dai akwai ta. Amma manufa ba ta wanke gyambo, kuma asibitin unguwa da babban asibitin gari ba a hannun Abuja suke ba, suna hannun jiha da ƙaramar hukuma. Can ne ƙofar da ya kamata mu ƙwanƙwasa.

Kuɗin ma akwai hanyarsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu don marasa galihu, kuma jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu waɗanda suke tsara abin da inshorar za ta biya. A watan Yuli na 2024 kotun ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko yaya aiwatar da hukuncin yake tafiya, ya ba talaka hujjar tambayar ciyaman me ya yi da kuɗin lafiya.

Saboda haka muna ba da shawarar mu taƙaita buƙatunmu zuwa guda huɗu, waɗanda kowane kwamishina zai iya cewa e ko a'a a kansu.

Na farko, kowace jiha ta amince da manufar 2021 a matsayin tata, ta naɗa jami'i guda a ma'aikatar lafiya da za a iya nema da sunan muƙaminsa, ta kuma buɗe layi a kasafin kuɗi. Kuma mu bi diddigin sakin kuɗin, domin mun san tsakanin warewa da sakewa akwai tafiya.

Na biyu, a samar da ruwan mofin a manyan asibitocin jiha, da mai harhaɗa magani da aka horar, da kabad mai makulli, da rijistar da ake rubuta kowane cokali. Tsaron da ake buƙata ke nan, kuma da shi za mu amsa wa duk mai fargabar karkatarwa. Batun ba nas-nas masu horo ikon rubutawa, kamar yadda Yuganda ta yi, na tarayya ne, sai mu kai shi ga 'yan majalisarmu na Abuja da hukumomin da ke kula da aikin jinya da harhaɗa magunguna.

Na uku, asibitin matakin farko na kowace mazaɓa ya ware rana ɗaya a mako da ma'aikacin lafiya zai zagaya gidajen masu kwance, da babur da mai da jakar kayan aiki: auduga, bandeji, safar hannu, robar fitsari. Akwai ƙananan dabaru masu sauya rayuwar gida gaba ɗaya. Garin ƙwayar Flagyl da ake barbaɗawa a gyambon sankara yana rage warin da ke korar 'yan dubiya, juya mara lafiya duk bayan awa biyu kuma yana hana gyambon kwanciya. A gidajen kulle mace ce za ta iya shiga, don haka a fara da horar da mata.

Na huɗu, a saka darasin jinyar sassauci a makarantun koyon jinya da na fasahar lafiya, waɗanda da yawansu mallakar jihohi ne, kuma a saka ziyarar gida da maganin raɗaɗi cikin abin da inshorar jiha ke biya.

Mun san za a ce mana ƙasar da mata ke mutuwa wurin haihuwa, yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro, ina ta ga kuɗin kashewa a kan wanda ba zai tashi ba. Tambaya ce mai nauyi, amma amsarta tana cikin gidajenmu. Ana kashe kuɗin tun yanzu, daga aljihun talaka: a sayar da gona a tafi Kano, daga Kano a ce Zariya, wani ya ci bashi ya nufi Alƙahira ko Indiya da mutumin da ciwonsa ya riga ya wuce aiki, domin ba a samu wanda ya zauna da iyalin ya gaya musu gaskiya cikin tausasawa ba. A ƙarshe a rasa mutum, a rasa gona, yarinya ta rasa makaranta. Za a kuma ce haƙuri da ciwo ibada ne. Haka ne, amma babu malamin da ya ce a hana mara lafiya magani don ladansa ya ƙaru. Wanda raɗaɗi ya gigita ba ya iya tsayar da salla, ba ya iya yin wasiyya, ba ya iya faɗin bashin da ke kansa ko neman gafarar wanda ya ɓata wa. Sassauta masa ciwo shi ke mayar masa da hankalinsa a lokacin da ya fi buƙatarsa.

Ta yaya za a motsa hukuma? Mun taɓa ganin hanya. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda shakkun jama'a. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai, da dubban matan da suka bi gida-gida, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar a watan Agusta na 2020. Wannan tsari yana nan, kuma mai unguwa ya san kowane gida da ke da mai kwance.

Ga abin da muke roƙon kowane ɗayanmu. Kowa ya zaɓi mazaɓarsa ta haihuwa. Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484, ba mu da ƙarfin ɗaukarsu duka, amma ɗaya ba ta fi ƙarfin mutum biyu ko uku ba. A haɗa kai da kwamitin ci gaban mazaɓa da ma'aikatan asibitin unguwa a ƙirga masu kwance a gida, da izininsu, ba tare da fitar da sunan kowa ba. Adadi na gaskiya daga mazaɓar ɗan majalisa ya fi masa nauyi a kan rahoton Geneva. A rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa da Turanci, a kai wa kansila da ciyaman da shugaban kwamitin lafiya na majalisar jiha kafin gwamna ya gabatar da kasafi a ƙarshen shekara, a kuma tura wakili zaman jin ra'ayin jama'a. A roƙi limamai da fastoci su taɓo batun, a kai shi makarantun Islamiyya na mata da shirye-shiryen rediyo na kiran waya. Ranar jinyar sassauci ta duniya tana faɗowa Asabar ta biyu a watan Oktoba, daidai lokacin da ake haɗa kasafi. Inda akwai hukumar zakka da hubusi, a nemi ta ɗauki abincin gidajen da mai nemo musu ya kwanta.

Likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magani da ke cikinmu za su iya ba da awa ɗaya a wata ta intanet don yin bita da takwarorinsu na gida. Masu karatun shari'a su duba mana dokokin magunguna, masu karatun tattalin arziki su lissafa mana kuɗin ziyarar gida ɗaya. Sai dai mu yi hattara da abu biyu. Kada wani ya ɗauki irin wannan magani a akwati da sunan taimako, domin laifi ne a nan da can, kuma kuskure ɗaya zai rufe ƙofar ga kowa. Sannan kada mu koma da murya irin ta masu koyarwa. Akwai ma'aikatan da suka shekara suna wannan aiki a gida ba tare da kayan aiki ba, namu shi ne mu tambaye su abin da ya tsaya musu, mu sa hannu a nan.

Al'ummarmu ba ta taɓa barin mara lafiya shi kaɗai ba. Muna da dubiya, muna da zumunci, muna da matan da ke kwana a zaune a gefen tabarma. Abin da Turawa suke nema da kuɗi, wato mutanen da za su zauna da mai ciwo, mu muna da shi a yalwace. Abin da ya rage mana shi ne magani da horo da layi a kasafi, kuma duka ukun a hannun mutanen da muke zaɓa suke. An ajiye takarda a bakin ƙofa, muna roƙon kowa ya rubuta jiharsa da mazaɓarsa da fanninsa kafin ya fita, domin a zama mai zuwa mu raba aiki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da imani.